Tarkon Kyakkyawar Niyya

Kusan kowace shekara, da zarar jami'a ta sallami ɗalibanta, sai samari biyu ko uku su zo su same ni a ɗakin da nake koyarwa a nan unguwar Zongo. Bayan gaisuwa sukan shaida mini cewa suna so su buɗe aji irin nawa, na shirya yara konkur, wato jarrabawar gasa ta shiga manyan makarantu. Kusan dukansu ɓangaren lojik suke so su ɗauka, abin da malamanmu na zaure ke kira manɗiƙi. Dalilinsu ɗaya ne: babu hadda a ciki, babu dogon lissafi, hankali ne kawai, su kuma suna da hankali. Ba na musa musu. Nakan dai miƙa wa mutum alli, in ce ya rubuta mini tambaya ɗaya a allo tare da amsoshinta huɗu. Amsar daidai ba ta ba su wahala. A kan sauran ukun suke tsayawa har allin ya jiƙe a hannunsu. Domin irinsu nake rubuta wannan, tunda bayanin ya fi ƙarfin tsayuwar bakin ƙofa.

Aikin farko da na yi a sana'ar nan a unguwar Houéyiho na yi shi, a gidan wani dattijo da muke kira Metir Kosi, wato Malam Kosi, wanda ya daɗe yana koyar da falsafa kafin ya yi ritaya ya buɗe aji a tsakar gidansa. Na je masa da takardar digirina a cikin leda. Bai buɗe ledar ba. Ya ce in rubuto masa tambaya guda. Na yini ina gyara ta, na kawo. Ya ɗauki jan biro, bai taɓa amsar daidai ba, ya soke sauran ukun. Ya ce waɗannan ba amsoshi ba ne, ciko ne. Babu mai hankalin da zai zaɓe su, saboda haka yaro zai ci tambayar ba tare da ya yi tunani ba, ya koma gida yana zaton ya iya. Ya ƙara da cewa kowace amsar kuskure dole a samu mutumin kirki da zai zaɓe ta, kuma wajibi ne in san ko wane ne shi, in san unguwarsu, in san abin da aka koya masa a gida. Na yi watanni a hannunsa ban rubuta amsar daidai ko ɗaya ba. Shi yake rubuta ta, ni kuma in ɗana tarko uku a kewayenta.

Kayan aikin ba su da yawa: allo, alli, jan biro, da agogon tebur da nake ajiyewa inda kowa zai gan shi, domin a ɗakin konkur lokaci ne yake fara kayar da mutum kafin tambaya ta kayar da shi. Akwai kuma wani mai injin kwafi a unguwar Vêdoko da na daɗe ina hulɗa da shi, saboda injinsa ba ya cinye layin ƙarshe na shafi, layin ƙarshe kuwa shi ne amsa ta huɗu. Tambayoyin da Faransanci suke zuwa, bayani kuma da duk harshen da ya samu shiga kan yaro. Masu cinikin na gaskiya iyaye ne, ba yara ba. Wani Alhaji mai manyan motoci ya taɓa tambayata ko ina ba da garanti, kamar yadda mai sayar da inji yake ba shi. Na ce garantin da nake da shi shi ne, idan yaron ya faɗi zai san dalilin faɗuwarsa. Sai ya ce wannan ko a gida ana iya gaya masa. Duk da haka ya bar mini yaron.

Akwai nau'in tambaya guda da ya fi kowanne cin yaranmu. Ana ba ka ƙa'ida, a jera maka labarai huɗu, a ce ka nuna wanda ya dace da ita. Ba a tambayi ra'ayinka game da ƙa'idar ba. Ko ka yarda da ita ko ba ka yarda ba, aikinka shi ne ka ɗora ta a kan kowane labari ka ga inda ta zauna daidai. A jarrabawar shiga makarantun lafiya da na likitancin dabbobi, masu shirya tambayoyi suna son ƙa'idojin gwaji a kan dabbobi, domin sun san batu ne da ke motsa zuciya, zuciya kuwa ta fi ido sauri.

Ga wadda na fi amfani da ita, na rubuta ta da hannuna tun ina wurin Metir Kosi. Ƙa'idar ta ce ba a yarda a yi gwaji a kan dabba ba, sai idan babu wata hanyar samun wannan ilimin, kuma an rage wa dabbar wahala iyakar iyawa. Tambayar ita ce, wane ne bai saɓa mata ba? Labari biyu daga cikin huɗun ba su da wuyar kawarwa. Rikicin yana tsakanin sauran biyun. Na farko wani likita ne da 'yarsa ta rasu sanadiyyar zazzaɓi, ya ɗauki alkawarin ceto yaran mutane, ya gwada magani a kan zomaye, alhali akwai tabbatacciyar hanya ta yin gwajin da jini a cikin kwalba. Na biyu wani mai bincike ne da ba abin da yake nema sai ƙarin girma a wurin aiki, ya yi gwaji a kan ɓeraye a inda babu wata hanya, kuma ya yi musu allurar kashe zafi. Amsar ita ce na biyun. Mutum ne da ba za ka so ka ci abinci da shi ba, amma ya cika sharuɗɗan biyu, likitan kuwa ya karya na farko.

Da shekaru suka tara na lura cewa kowace unguwa da tarkon da ke kama ta. Yaran Avotrou da suka tashi a bakin ruwa, idan dabbar da ke cikin labari kifi ce, sukan wuce ta kamar ba a yi komai ba. Waɗanda ke da kare a gida sukan zaɓi duk amsar da ta kuɓutar da kare, ko me ƙa'idar ta ce. Mu 'yan Zongo namu tarkon niyya ce. Tun muna ƙanana a Islamiyya abin da aka fara dasa mana shi ne a dubi abin da mutum ya nufa kafin a dubi abin da ya aikata. Da shi muke sasanta rikicin kasuwa, da shi muke yafe wa direban da ya zubar da kaya a hanya. Saboda haka da yaronmu ya ga likitan da ya rasa 'yarsa, hannunsa ya riga ya tafi wurin. Ba rashin basira ba ne. Tarbiyya ce take aikinta a inda ba a gayyace ta ba.

Shekarar da aka rufe iyakar ƙasa ita ce shekarata mafi muni. Manyan motoci suka tsaya a gareji, 'yan kasuwa suka zauna a ƙofar shago suna kallon juna, kuma abu na farko da gida ke yankewa a irin wannan hali shi ne ajin yamma. Bencunan ajin suka zama fanko, har na ara wa masallacin unguwa biyu daga ciki. Da safe ina koyarwa a wata lekol mai zaman kanta don in riƙe ɗakin, da yamma in dawo ga ɗaliban da ba su cika benci biyu ba. A cikinsu akwai Balkisu.

Balkisu marainiya ce, kawunta Idi, dillalin raguna, shi ya riƙe ta ya kuma sa ta karatu. Tana aiki a wani shagon magani, tana neman gurbi a wata makarantar likitancin dabbobi ta ƙasar waje, wadda ke ɗaukar nauyin duk wanda ya ci konkur ɗinta. Makarantar tana da iyakar shekaru, Balkisu kuma ta zo bakin iyakar. Wannan ne zamanta na ƙarshe. A zaman baya ta yi fice a ilimin halittu da na sinadarai, amma dokar jarrabawar ita ce kowane ɓangare yana da mafi ƙarancin makin da dole a samu, ita kuwa lojik ya gaza mata da kaɗan. Idan ta sake gazawa, shagon magani ne har tsufa, tana miƙa wa mutane abin da wani ya rubuta.

Ranar da na fara ba su tambayar zomaye, ta zaɓi likita tun kafin sauran su gama karantawa. Na ce ta tashi ta kare amsarta.

"Malam, ai mutumin nan don Allah ya yi. Ɗayan kuwa don kansa."

"Ƙa'idar ta ambaci niyya?"

"Ba ta ambata ba," in ji ta. "Amma ai wannan ba sai an ambata ba."

Wani ɗalibi mai suna Mustafa, wanda shi ma likitan ya zaɓa amma ya yi saurin gogewa, ya ce daga yau a riƙa kiranta Alƙaliya, tunda ita har cikin zuciyar mutane take shari'a. Ta ce masa gara ita ta tsaya a kan amsarta, shi takardarsa har ta huje da guga.

Na gwada duk dabarun da na sani. Na sa ta riƙa rufe jimlar da ke bayyana niyya da yatsa kafin ta yanke hukunci. Na sa ta soke ta da fensir. Na rubuta mata tambayoyin da babu niyya a cikinsu sam, ta cinye su duka. Matuƙar babu agogo a gabanta takan samu daidai, tana yamutsa fuska. Da na kunna agogo, lokaci ya matse, sai hannunta ya koma gidan jiya. Na canza dabba, na canza cuta, na mayar da likitan mace, na mayar da shi baƙo daga wata ƙasa. Duk inda na ɓoye mai kyakkyawar niyya sai ta tono shi ta ba shi gaskiya. Wata rana ta gaya mini cewa abin da nake nema a wurinta kamar a ce ta yi wa mutum shari'a an lulluɓe masa fuska ne. Na ce haka ne, kuma haka jarrabawar take so.

Ya kamata in faɗi cewa a lokacin ban tabbata ina yin daidai ba. Nakan tsaya ina goge allo in tambayi kaina ko aikina shi ne in kankare wa yarinya abin da ya fi kyau a tarbiyyarta don ta samu maki. Amsar da na ba kaina ita ce, ƙa'idar an yi ta ne domin zomo, zomo kuwa bai san an rasa 'ya ba, zafin allurar ɗaya ne a jikinsa. Amsar ta gamsar da ni a matsayin malami. Ba ta taimaki Balkisu da komai ba, domin na faɗa mata ita, ta ce ta fahimta, washegari ta sake zaɓar likita.

Ana cikin haka Babbar Sallah ta gabato. Na je wurin Kawu Idi neman rago, a filin da suke ɗaure dabbobi a bakin titi. Ranar Asabar ce da hantsi, Balkisu tana can tana zuba wa raguna ruwa a cikin rabin jarka. Kasuwar ta yi sanyi, masu tambaya sun fi masu saye yawa. Kawu Idi ya san halin da malamai ke ciki a shekarar, don haka bai ɓata lokacinsa wajen nuna mini manya ba. Ya ja ni gefe, ya kamo wani rago fari mai ƙiba, wanda farashinsa bai yi daidai da jikinsa ba. Ya riƙa juya shi ta yadda kullum ɓangare ɗaya nake gani. Da na zagaya sai na tarar idonsa na hagu ya mutu, fari fat.

"Malam, shekara ce mai wuya," in ji shi, ya sassauta murya. "Ka ɗauka kawai. Allah niyya yake dubawa."

Kafin in buɗe baki Balkisu ta ajiye jarkar.

"Kawu, wannan ido ɗaya gare shi. Ba ya layya."

"Ke wa ya kira ki? Je ki ba wancan ruwa."

"Na ba shi. Wannan dai ba ya layya."

"Malam mutumin kirki ne, niyyarsa mai kyau ce."

"Ko niyyarsa ta kai ta wa, ragon bai cika sharaɗi ba. In ya so ya yanka ya ci nama, amma kada ya ce ya yi layya."

Ta faɗi haka ba tare da ta yi jinkiri ko ta yamutsa fuska ba, ta sunkuya za ta ɗauki jarkarta. Na kira sunanta. Na tambaye ta me ya sa ba ta tausaya mini ba, ga ni da zuciya ɗaya, ga shekara ta yi tsanani. Ta ce tausayi daban, sharaɗi daban. Na ce to likitan zomaye fa? Ta tsaya da jarkar a hannu, ruwa yana ɗiga a kan takalminta.

Kawu Idi ya dube ni, ya dube ta, ya ce shi bai san wane likita ake magana ba, abin da ya sani shi ne ya sa yarinya a lekol ta dawo tana kashe masa ciniki a gaban baƙo. Ya ce in da ya san haka karatu yake, da ɗinki ya kai ta. Daga baya ya kamo mini wani ƙaramin rago mai ido biyu, ya ce in duba haƙoransa da ƙafafunsa da kyau tun Alƙaliyar gidansu ba ta sake yin magana ba. Ashe sunan ya riga ya isa gida.

Bayan Sallah na sake tsarin darasin gaba ɗaya. Na daina ce wa yara su manta da abin da suka sani, domin ba sa mantawa. Na koma tambayarsu abin da kowane ɗan Zongo ya saba ji a gaban malaminsa: mene ne sharuɗɗan? Kafin su karanta labari ko ɗaya, sai sun fitar da sharuɗɗan ƙa'idar sun rubuta a gefe, kamar yadda za su lissafa na alwala ko na dabbar layya. Sannan su bi labaran ɗaya bayan ɗaya suna duba ido da ƙafa. Balkisu ce da kanta ta ƙara abin da ban yi tunaninsa ba. Ta ce a layya ma ana bukatar niyya, sai dai niyya ba ta gyara ido. Idan ƙa'ida ta sa niyya cikin sharuɗɗanta za ta duba ta, idan ba ta sa ba, ba ita za ta sa mata ba. Na rubuta maganar a saman allo da Faransanci, ta zauna a wurin har alli ya dushe.

Ba a rana ɗaya abin ya zauna ba. Ta ci gaba da faɗawa tarkon jefi-jefi, musamman idan na sa yaro marar lafiya a cikin labarin, ni kuma na riƙa sa shi da gangan, domin masu shirya konkur ba za su tausaya mata ba. Amma kuskuren ya riƙa raguwa, kuma ta fara kama kanta tun kafin in kama ta. Sai in ga fensirinta ya nufi wata amsa, ya tsaya a sama, ya koma gefen takarda inda sharuɗɗan suke.

Ranar jarrabawa ban je ba. Ba na zuwa, domin malami a bakin ƙofa ba ya ƙara wa ɗalibi komai sai nauyi. Da la'asar ta sauka daga kan zem, wato babur ɗin haya, a ƙofar ɗakina, ta shigo ta zauna a bencin gaba. Ta ce tambayar dabbobi ta fito, kuma ta fi tawa muni. Karnuka ne a ciki. Wanda ya cika sharuɗɗan wani ne da labarin ya nuna ƙarara suna yake nema, wadda ta karya su kuwa wata tsohuwar likita ce da ta ƙare rayuwarta a asibitin ƙauye.

"Na zaɓi mai neman sunan, Malam. Amma ban so shi ba."

"Ba a ce ki so shi ba."

"Na sani. Ina dai gaya maka ne don kada ka zaci na so shi."

Da sakamako ya fito ta haye, lojik ɗin ma da rata. Kawu Idi ya zagaya Zongo yana shaida wa mutane cewa shi ya ga basirar yarinyar tun tana ƙarama, shi ya hana a kai ta ɗinki.

Kafin ta tafi ta zo sallama. Na yi mata nasihar da ake yi wa mai tafiya, ta saurara har na gama. Da ta miƙe sai ta ce tana da tambaya guda, amma ba ta konkur ba ce. Ta ce idan da gaske ne, ba a takarda ba, likitan nan da ya rasa 'yarsa yana tsaye a gabana da zomayensa, kuma sa hannuna ake jira, me zan ce masa? Na fara yi mata bayanin sharaɗi na farko. Ta ce wannan ta sani, ita ma za ta iya faɗa. Abin da take tambaya shi ne me zan ce masa, shi mutumin, da bakina.

Ni na ƙirƙiri likitan, ni na kashe masa 'ya don in kama yaran mutane, kuma shekara da shekaru ina kayar da shi a allo ban taɓa yi masa magana ba. Na ce mata zan yi tunani in aiko mata da amsa. Ta gama karatun tuni, tana aiki a arewacin ƙasar nan, takan kira ni a gaisa duk Sallah. Ba ta taɓa tuna mini ba, ni kuma har yanzu ban aika ba.